Yadda Ɗan Kasuwa Zai Auna Cikin Tanki Da Lokacin Cika Shi

Masu gidajen mai, da masu sayar da ruwa, da masu ƙananan masana'antu a birane irin su Legas, Anacha da Fatakwal suna kashe kuɗi masu yawa wajen sayen tankuna da injinan cika su. Sai dai da yawa daga cikinsu sun dogara ne kacokan ga lambar da mai ƙera tanki ya rubuta a jikinsa, alhali da igiyar awo da agogo mutum yana iya gane ko abin da ya biya kuɗinsa shi aka ba shi.

Tushen lissafin shi ne, wurin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne ya kai mita ɗaya yana cin lita 1,000. Saboda haka tanki mai kusurwa huɗu, mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da zurfin mita 1.5, yana cin lita 9,000. Idan kuwa tankin zagayayye ne a tsaye, sai a ɗauki rabin faɗin bakinsa a ninka shi da kansa, a ninka da 3.14, sa'an nan a ninka da tsayinsa. Alal misali, mai faɗin mita 2 da tsayin mita 3 yana cin lita 9,420. Daga ciki ake yin awon, domin kaurin ƙarfe ba ya ɗaukar ruwa.

Wajibi ne a lura da tankin da aka yi wa lamba da galan. Galan ɗin Ingila lita 4.55 ne, na Amurka kuwa lita 3.79. Ke nan tsakanin tankuna biyu masu lambar galan 1,000 ana iya samun bambancin lita 760.

Tankin da ke kwance, irin wanda ake binnewa a gidajen mai, shi ya fi ruɗa mutane. Idan sandar awo ta nuna rabin zurfi, to rabin tanki ne. Amma idan ta nuna rubu'in zurfi, man da ke ciki bai cika kashi 20 cikin ɗari ba, saboda gindin tankin matsattse ne. Shi ya sa kowane irin wannan tanki yake da takardar awonsa, kuma ba a sauke mota mai lita 33,000 sai an duba ta. Har ila yau ba a cika tankin mai maƙil, domin fetur yana ƙaruwa da kusan lita ɗaya a cikin kowace 1,000 duk sa'ad da zafi ya hau da digiri ɗaya.

Game da lokacin cikawa, sai a raba yawan litar tanki da litar da famfo yake bayarwa a minti ɗaya. Kada a dogara da lambar jikin injin, domin ruwa yana raguwa gwargwadon tsayin da ake tura shi da tsawon bututu. A tara jarka mai lita 25 a daidai inda ruwan yake zuba cikin tanki. Idan ta cika a daƙiƙa 30, famfon yana ba da lita 50 a minti, kuma tankin nan mai lita 9,420 zai ci awa 3 da minti 8. Daga nan mai rijiyar burtsatse zai san man janaretan da kowace cikawa take ci, ya yanke farashin ruwansa a kan sani.

Lissafin iska ya sha bamban, domin iska tana matsuwa, kamar yadda masanin nan Robert Boyle ya bayyana a 1662. Agogon kwamfiresa yana nuna matsi da ma'aunin bar, kuma kowane bar ɗaya yana nufin an ƙara cusa iskar da ta kai kimanin cikin tankin sau ɗaya. Tanki mai lita 200 da agogonsa ya kai bar 8 an cusa masa iska kimanin lita 1,600, wanda injin da ke ba da lita 250 a minti zai yi cikin minti 6 da 'yan kai.

To amma ba dukkan iskar ce take yin aiki ba. Idan kayan aikin mai fentin mota ko mai faci ba sa aiki ƙasa da bar 6, to bar 2 kaɗai yake da su, watau lita 400. Bindigar fenti mai shan lita 200 a minti za ta ƙarar da ita cikin minti 2 idan injin ya tsaya. Babban tanki yana rage yawan tashi da mutuwar injin, amma ba ya maye gurbin injin da ƙarfinsa ya gaza buƙatar aiki. Don haka mai saye ya tambayi iskar da injin yake fitarwa, domin lambar da aka fi tallatawa ta iskar da yake zuƙa ce, kuma ta fi yawa.

Daga ƙarshe, ruwa yana taruwa a gindin tankin iska ya haddasa tsatsa. A riƙa tsiyaye shi kullum, kada a toshe bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya yi yawa, kada kuma a yi wa tankin da ya huje walda, domin fashewarsa tana iya jawo asarar rai da dukiya.