Yadda ƙaramin jirgin ƙasa na wasa zai iya adana tarihin gadojin Arewa

A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya wata gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Tun daga lokacin, mutanen yankin suka ƙara sanin cewa gada ba abin wasa ba ce. Sai dai kaɗan ne suka san yadda ake gina ta, da abin da ke sa ta tsaya ko ta faɗi.

A wasu ƙasashe, akwai hanyar da ake koya wa jama'a wannan ilimi cikin nishaɗi. Ana ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, a gina musu tashoshi da koguna da gadoji irin na gaske. Gidan nunin Miniatur Wunderland da ke Hamburg a Jamus, wanda aka buɗe a 2001, shi ne ya fi shahara, kuma mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Gadojin da suka cancanta

Arewa ba ta rasa abin nunawa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta layin Baro. A Jebba kuwa, kafin a kammala gadar kogin Kwara a wajajen 1915, sai dai a ɗora taragai a kan jirgin ruwa a ƙetarar da su. Gadar ce ta haɗe layin Legas zuwa Kano ba tare da yankewa ba, ta nan kuma gyaɗar Kano da kirgi suka riƙa gangarawa bakin teku.

Ga kuma gadar Makurdi a kan kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932. Kamfanin Sir William Arrol ne ya gina ta, wanda ya yi aikin gadar Forth ta Sikotilan.

Akwai ƙaramar gadar Lugga ta masu tafiya da ƙafa, da aka kafa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kai Kaduna, inda take a lambun Gamji. A Kano ma ga gadar Wudil da ta Tamburawa, waɗanda duk matafiyi ya sani.

Yaya ake rage girman gada?

Aikin na lissafi ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiransa HO, inda ake raba kowane tsawo gida 87. Gadar Makurdi ta kai kimanin mita 800, don haka a wannan ma'auni za ta ci sama da mita 9, wato tsawon ajin makaranta guda. Wanda ba shi da fili sai ya koma ma'aunin N, mai raba abu gida 160, gadar ta dawo mita 5.

Faɗin dogo ma sai an kula. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne tsakanin ƙarafunansa biyu, sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna kuwa 1,435. Mai son kwaikwayon Jebba daidai a ma'aunin HO zai nemi ɗan dogo mai faɗin milimita 12, domin na kasuwa mai 16.5 sabon layi yake wakilta.

Basirar tana gida

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Basirka ko Birnin Kudu ba, amma yaran yankin sun iya ƙera mota da kara da langa-langa da murfin kwalba. Abin da ya rage musu shi ne awo. Ɗalibin da ya haɗa gada da tsinken kara, ya ɗora mata nauyi, zai ga da idonsa dalilin da ya sa ake jera ƙarafa kusurwa uku-uku. In ya zuba yashi a tire, ya kwarara ruwa a gindin ginshiƙi, zai ga yadda ruwa ke zaizaye ƙasa har gada ta zauna. Wannan zaizayar na cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadoji da damina.

Akwai wuraren da za a iya yin koyi da su. Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas yana ajiye da kayan tarihin jirgin ƙasa, gidan tarihi na Jos kuma na da tsofaffin kawunan jirgi.

Yanzu da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, ya ƙunshi reshe zuwa Dutse, Jigawa za ta buƙaci matasan da suka san dogo da gada. Kwalejojin kimiyya da fasaha na jihar za su iya farawa da tebur ɗaya, da katako, da hotunan gadar da ke kusa da su, su auna ta tun tana tsaye.