Kuza Da Kolombait: Yadda Wani Malamin Rasha Ya Faɗi Halin Ma'adinin Da Ba A Taɓa Gani Ba

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaciya

In aka ambaci Kaciya a Agege ko a Sabon Ibadan, abin da zai fara zuwa zuciyar mutum shi ne citta. Amma ƙasar nan ta kudancin Jihar Kaduna tana da wani arziki a ƙarƙashin gonakin. Daga wajen Kwoi zuwa Jama'a har a hau tsaunukan Jos, mutane sun daɗe suna wanke yashi suna fid da kuza. Wajen haƙar kuzar ne ma aka tono wani mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok cikin 1928, abin da ya sa sunan ƙauyen ya zama sananne a duniya. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kafancan ta isa Jos cikin 1927 ita ce ta riƙa sauko da kuzar zuwa bakin teku.

To, jama'a, kuzar nan tana da dangi, kuma labarin yadda aka gane danginta abin ji ne.

Masana kimiyya sun ce dukan abin da muke taɓawa an gina shi ne da waɗansu sinadarai na asali, watau waɗanda ba a iya rarraba su zuwa wani abu dabam ta hanyar ƙonawa ko narkarwa. Ƙarfe, zinariya, azurfa, jan ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta da kuza duk suna cikinsu. A 1789 wani Bafaranshe mai suna Lavoisier ya jera guda 33, har ya sa haske da zafi a ciki, waɗanda daga baya aka gane ba sinadarai ba ne. A 1829 wani Bajamushe, Döbereiner, ya lura waɗansu suna tafiya uku-uku masu hali iri ɗaya. A 1865 wani Ba'ingile, Newlands, ya ce in an jera su bisa nauyi, na takwas yakan ɗauko halin na fari. Da ya kai maganar gaban 'yan'uwansa masana a Landan, dariya aka yi masa.

Wanda ya warware al'amarin shi ne Dimitiri Mendeliyef, malamin jami'a a birnin Santa Fitasbag na Rasha. A 1869 sinadarai 63 aka sani. Ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, ya sa masu hali ɗaya a layi ɗaya, kamar yadda ake zaunar da 'yan gida ɗaya a tabarma guda. Wani Bajamushe, Lothar Meyer, shi ma ya yi irin wannan jadawali a lokacin. Abin da ya fifita Mendeliyef shi ne ƙarfin hali. Inda ya ga babu sinadarin da ya dace da wani gurbi, sai ya bar shi fayau, ya ce mai wurin yana nan, ba a dai gano shi ba tukuna. A 1871 ya rubuta nauyi da halin guda uku daga cikin waɗanda ba a gani ba.

Ga inda kuzarmu ta shigo. A layin da take, gawayi ne a sama, sai silikon wanda ke cikin yashi, sai wani gurbi babu kowa, sa'an nan kuza, sa'an nan dalma. Mendeliyef ya dubi na sama da na ƙasa da maƙwabtan gefe, ya ce mai wannan gurbi nauyin zarrarsa zai kai wajen 72, kuma zai fi ruwa nauyi sau 5.5. A 1886 Clemens Winkler ya same shi cikin wani dutse a Jamus, ya raɗa masa suna jamaniyam. Da aka auna, nauyin zarrarsa 72.6 ne, ya kuma fi ruwa nauyi sau 5.35.

Kafin wannan, a 1875, wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyam, ya ce ya fi ruwa nauyi sau 4.7. Mendeliyef, wanda ko ganin ƙarfen bai yi ba, ya aika masa cewa ya sake awo, don kamata ya yi ya sami wajen 5.9. Mutumin ya tace ƙarfensa ya sake aunawa, sai ga 5.9. Na ukun, sikandiyam, an gano shi a Suwidin a 1879. Daga nan masu shakka suka yi shiru.

Ba dukan abin da ya faɗa ne ya tabbata ba, kuma shi kansa bai san dalilin da ya sa jerin ke tafiya haka ba. Wani saurayi Ba'ingile, Henry Moseley, shi ya nuna a 1913 cewa kowane sinadari yana da lambarsa ta tabbas, kuma lambar ce ke ba shi gurbi, ba nauyi ba. Ta haka aka san daidai guraben da suka rage. An kashe Moseley a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Gurbi na 43 sai a 1937 aka cike shi, da sinadarin da mutum ya haɗa da na'ura. An sa wa na 101 sunan Mendeliyef. A 2016 aka raɗa sunayen na ƙarshe, jadawalin ya kai 118.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan mai sayar da goro a Ikko da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Masu wanke kuza a Filato da kewaye sun daɗe suna tarar da wani baƙin yashi mai nauyi yana bin kuzar, suna ɗaukarsa datti suna zubarwa. Shi ne kolombait. A cikinsa akwai niyobiyam mai lamba 41, da ɗan'uwansa tantalam mai lamba 73, wanda ke ƙarƙashinsa a layi ɗaya. Saboda kamarsu ne ake samunsu tare, har masana suka yi shekaru suna zaton abu guda ne. Da aka gane niyobiyam yana ƙara wa ƙarfe ƙarfi da jure zafi, sai Amurka ta shiga sayensa da tsada a zamanin yaƙin Koriya, Nijeriya ta zama ta fari a duniya wajen fid da kolombait cikin shekarun 1950. Aka koma ana tonon tarin yashin da aka zubar jiya. Tantalam kuwa yana cikin wayar salular da ke aljihunka.

Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, amma ƙasar ba ta ƙare ba. A 2016 aka ba da sanarwar wani kamfanin Ostireliya ya gano nikel, mai lamba 28, a Dangoma cikin ƙaramar hukumar Jama'a. Rashin sani kuma ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Dalma, wadda ke zaune ƙarƙashin kuza a jadawalin, guba ce. A Zamfara cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna kudu masu gonaki a gida, in aka aiko cewa wani baƙo yana son sayen fili ko tsakuwa, kada a yi gaggawar sa hannu. A nemi a gwada dutsen a san abin da ke cikinsa tukuna. A hana kai duwatsun haƙa cikin gida inda yara ke wasa. Yaron da ke sakandare kuma, a tambaye shi jadawalin nan da ke bayan littafinsa na kimiyya, ya nuna inda kuza take da waɗanda ke kewaye da ita. Wanda ya iya karanta shi, da wuya a saye masa kolombait da kuɗin yashi. Allah ya sa mu amfana da abin da ya ajiye mana a ƙasarmu, amin.