Shokozoban Baya Na Baburan Doguwar Tafiya Ya Zama Na'urar Lantarki: Yadda Ake Canza Shi

A watan Yunin 2014 kamfanin BMW ya nemi masu sabon babur ɗinsa R 1200 RT, waɗanda nasu ke da tsarin Dynamic ESA, su ajiye shi su daina hawa nan take. Dalili kuwa shi ne sandar ƙarfen da ke cikin shokozoban baya na iya karyewa ana cikin gudu. Babura kusan 8,000 abin ya shafa a duniya, sai da aka canza musu shokozoba kafin suka koma kan titi.

Mutane da yawa na ɗauka aikin shokozoba jin daɗin zama ne kawai. Ainihin aikinsa shi ne riƙe tayar baya manne da ƙasa. Sifirin ke ɗaukar nauyi, man da ke cikin bututun kuma shi ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami. Idan man ya tsiyaye ko ya gaji, babur mai nauyin sama da kilo 250, ga fasinja ga akwatunan kaya, zai riƙa lilo a kan kwana. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: danshin mai a jikin sandar, baya na sake tashi sau biyu ko uku idan ka danna ka saki, da taya mai cinyewa tudu da kwari.

Abin da ya sauya shi ne lantarki. Tun 2004 BMW ya fito da ESA a kan K 1200 S, inda maɓalli a kan hannu ke sauya taurin shokozoba. Dynamic ESA ya wuce nan, domin na'urorin auna motsi ne ke sanar da kwamfutar babur yanayin hanya, ita kuma ta daidaita da kanta. Don haka kafin ka taɓa sifana, ka cire kan batir, ka zare soket ɗin wayoyin a hankali, ka ɗauki hotonsu da wayarka don ka tuna inda kowacce ta bi.

Sauran aikin bai da wuyar fahimta. A ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya, a sa katako ƙarƙashin tayar baya don kada ta faɗo da nauyinta, a kwance notin ƙasa sannan na sama. A wasu baburan sai an cire kujera, bututun hayaƙi ko tayar kanta kafin hannu ya kai. Wajen ɗaurewa a bi ƙarfin da littafin kamfani ya rubuta, da sifana mai awo. Kada kuma a yarda wani ya buɗe tsohon ko ya kusantar da shi ga wuta, akwai iskar naitirojin a matse a ciki.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne saiti. Dole kwamfutar babur ta sake koyon iyakar hawa da saukar sabon shokozoban, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta iya kunnuwa ko tsayin baya ya tsaya ba daidai ba. Na'urar GS-911, wadda ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, tana yin wannan aikin, kuma akwai samfurinta da ke haɗuwa da waya ta wifi. Ga shokozoba marar lantarki kuwa, tef ɗin awo ya isa: ka hau da kayan da ka saba ɗauka, a auna, baya ya nutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukan tazarar motsinsa.

Wanne za a saya? Na kamfani ya fi sauƙin haɗawa amma yana da tsada. Öhlins na Suwidin da Wilbers na Jamus suna zaɓar sifirin daidai da nauyin mahayi, kuma ana iya buɗe nasu a sabunta mai da roba. Wanda ban ba da shawara ba shi ne na Beljiyam da ba a san kilomita nawa ya ci ba, domin daga waje ba a ganin halin da man cikinsa yake.