Ɓawon Ƙwaro Da Lafiyar Tukunyar Wake

Uwargida, idan kin shiga kasuwar hatsi ta Potiskum kika ga wake fari tas, babu huda ko ɗaya alhali kaka ta daɗe da wucewa, ki tsaya ki tambayi mai shi yadda aka adana shi. Wasu na yayyafa wa wake fiya-fiya domin kashe ƙwari. Sinadarin da ke cikinta, wato dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Dalilin haɗarin shi ne, wannan guba tana kama jijiyoyin ƙwaro ne ta hanyar da take kama namu. Shi ya sa masana suka koma neman abin da ƙwaro ke da shi, mu kuma ba mu da shi.

Kin san ƙaras-ƙaras ɗin da kike ji idan kina cin soyayyar fara? Wannan ɓawon an gina shi ne da wani sinadari mai suna kaitin. Ƙwaro ba shi da ƙashi, ɓawon ne ke riƙe shi, kuma ba ya girma sai ya yi saɓa: ya narkar da tsohon, ya saƙa sabo. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya yin kaitin.

A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Andrew Fire da Craig Mello, suka gano yadda ake toshe bakin ƙwayar gado guda ɗaya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. Ƙwayar gado tana aika umarni ne ta wani ɗan aike mai suna RNA. Idan aka ciyar da ƙwaro RNA mai igiya biyu da ta dace da saƙon, jikinsa da kansa ke yayyaga saƙon. A ɗakunan bincike an toshe umarnin saƙa kaitin ta wannan hanya, sai tsutsa ta kasa kammala saɓa, ta mutu.

Mu masu harhaɗa magunguna dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tun 2018 aka amince da maganin mutane na farko irin wannan, patisiran. A ƙarshen 2023 kuma Amurka ta yi rajistar feshin RNA na ƙwaron dankalin Turawa, kodayake wata ƙwayar gado daban yake toshewa. Akwai sauran aiki: rana na saurin lalata RNA, kuma tsutsotsin malam-buɗe-littafi ba su cika jin ta ba.

Kafin wannan ya iso rumbunanmu, ga abin da ke hannunmu. Ki shanya wake ya bushe sosai, ki zuba a buhun PICS mai ruɓi uku ko jarka mai tsabta, ki rufe gam. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwarin. Waken da ke warin magani, ki bar shi, kada ki dogara da wanki.

Idan kuma bayan cin abinci yaro ya fara dalalar miyau, gumi, amai da sarƙewar numfashi, kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai. Ku garzaya asibiti tare da ragowar abincin. Allah Ya tsare mana iyalanmu.