Tsakanin Safari Da Safara: Yadda Daji Ya Kuɓuce Mana

Kalmar "safari" da muke gani a tallace-tallacen kamfanonin yawon buɗe ido ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. Turawa sun aro ta daga Suwahili, Suwahilawa kuwa daga Larabci, inda "safar" ke nufin tafiya. Daga wannan tushe ne mu ma muka sami "safara", wadda a bakin kakanninmu take nufin fatauci. Yau kuwa in ka ji ta a rediyo, to sai dai safarar mutane, ko ta makamai, ko ta miyagun ƙwayoyi. Wato kalma ɗaya ce ta rabu gida biyu, a can ta zama hutu, a nan ta zama laifi.

Akwai wani nau'in safarin da ya daɗe yana ba ni sha'awa, wanda mutum zai tuƙa motarsa da kansa ya shiga gandun namun daji na hamada, ya kafa tanti ya kwana. Wurin da ya yi fice a wannan shi ne gandun Kalahari ta Tsakiya a ƙasar Botsuwana, wanda aka keɓe a 1961, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita dubu 52, wato ya fi Jihar Zamfara baki ɗaya. Babu gidan mai a ciki, babu shago, masaukan kuma ba su da shinge, zaki na iya ratsawa ta gefen tantinka. Sai ka biya kuɗin masauki tun kafin ka taso, ka ɗauki ruwa da mai da itacen girki na dukan kwanakin da za ka yi. Motar dole ta kasance mai ja da ƙafa huɗu, in an shiga rairayi mai laushi a rage iskar taya don kada ta kafe, masu hankali kuma ba sa tafiya da mota ɗaya. Ba a tuƙi da dare.

Mai karatu zai lura cewa in aka cire maganar taya, babu abin da madugun ayari bai sani ba a nan. Ƙididdige guzuri, da sanin tazarar rijiya da rijiya, da yada zango kafin rana ta faɗi, da ƙin rabuwa da ’yan'uwan tafiya, duk ilimin da aka bi da shi ne zuwa Bilma ɗauko gishiri da zuwa Gwanja sayen goro. Kalmar "zango" kanta ta bar sawunta tun daga Zangon Daura har unguwannin Zango na Kumasi da Ankara.

Ba sai mun je Botsuwana ba. A Jihar Maraɗi, arewa da Dakoro, akwai gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, inda a 2018 aka kai raƙuman dawa guda 8 daga yankin Kure kusa da Yamai, bayan an yi shekaru masu yawa babu su a wurin. Gaba can akwai gandun Ayar da Tenere, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, da na Termit da Tin Tuma da aka kafa a 2012, mafakar wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni da Turawa ke kira adaks, wadda a binciken 2016 guda 3 kacal aka iya gani. Can ɗin ma ba lafiya lau ba. A Agustan 2020 ’yan bindiga sun kashe Faransawa 6 da ’yan Nijar 2 a Kure, wurin kallon raƙuman dawa.

To, mu dawo gida. Wanda ya san ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ya san Allah Ya hore mata abin kallo. Tafkin Bakolori, da aka gama datse Gulbin Sakkwato dominsa a 1978, ya mamaye kimanin hekta 8,000, ga tsuntsayen ruwa da hunturu, ga fadamun shinkafa kore shar a tsakiyar rani. Kudu can a ƙasar Maru ga gandun Kuyambana, wanda ke maƙwabtaka da na Kamuku a Birnin Gwari. Sai dai wa zai kafa tanti? Dajin Sububu da ke ƙasar Maradun sunansa kaɗai yana sa gaba ya faɗi. A Fabrairun 2021 aka kwashe ’yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a Kaya. A shekarar ce aka katse layukan waya a jihar, aka hana sayar da mai a jarka. Jarkar man nan, wadda ita ce guzurin farko na mai shiga Kalahari, a nan ta zama abin tuhuma.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne abin da wannan hali ya yi wa Hausar kanta. Da can in an ce "daji", abin da ke zuwa zuci shi ne farauta bayan an gama kaka, da kiwo, da saƙar zuma, da saiwoyin magani, da Sarkin Dawa da malaman daji na zamanin En'e da ke tare mai saran itace ba da izini ba. Yanzu "mutanen daji" ma'anarsa ɗaya, "an shiga da shi daji" kuma labarin kuɗin fansa ne. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen namun dawa: gwanki, kanki, mazo, mariri, gwambaza, kwanta-rafi, tuji. Nakan jarraba ɗalibaina da su lokaci-lokaci. Barewa da gada da jimina sukan tsira, albarkacin tatsuniya da karin magana, sauran kuwa sai kallon-kallo, alhali yaran sun san sunan kowace dabbar Serengeti da Turanci. Kalmar da babu abin da za a nuna a ce ga shi, ba ta wuce tsara biyu.

Ra'ayina shi ne, ba ɓarayin daji ne suka fara korar mu daga daji ba. Mun bar shi tun kafin su zo. Da aka rushe tsarin En'e a 1976, gandayen suka koma hannun ma'aikatun da ba su da mota balle albashin kirki, aka rarraba burtaloli da makiyaya ga masu hannu da shuni, mu kuma ’yan boko muka ɗauka cewa daji na jahili ne. Wanda ya samu hali a cikinmu sai ya tafi Dubai a zagaya da shi kan tudun rairayi na sa'o'i kaɗan, ya dawo da hotuna.

Amma kada a ce na mai da Botsuwana aljanna. Gwamnatin ƙasar ta tashi mutanen San daga cikin wancan gandu, sai a 2006 kotu ta ce korar ta saɓa wa doka. Mutanen Bakolori ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. A Afrilun 1980 ’yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, har yau kuma adadin mamatan da hukuma ta bayar da wanda mutanen wurin ke faɗa sun yi hannun riga. Saboda haka ranar da ƙura ta lafa aka zo maganar farfaɗo da Kuyambana ko tsare Sububu, manomi da makiyayi da maharbi su ne za su zama masu gadi da jagorori, a kuma ga kuɗin shiga yana komawa garuruwansu.

Kafin wannan rana akwai aikin da ba ya jira. Tsofaffin maharba na nan a Mafara da Bakura da Maradun, wasu a gidajensu, wasu a zaman gudun hijira, sun san sawun kowace dabba, da sunan kowane kwazazzabo da mashaya, da kirarin da ake yi wa ɓauna. Sassan Hausa na jami'o'inmu a Sakkwato da Gusau suna yaye ɗalibai duk shekara, kowannensu da wayar da ke ɗaukar murya a aljihu, kuma kowannensu sai ya rubuta kundin kammala digiri.