Tandar Goggo da Aikin Kocin Rayuwa

Kafin ladan ya kira assalatu Goggo ta riga ta hura wuta. Ta fi shekara talatin tana suyar masa a ƙofar gidanmu, cikin gari ta wajen Ƙofar Wunti, kuma duk wanda ya zauna a Bauchi ya san ba a wasa da masa a garin nan. Kanawa su ce waina, mu mu ce masa. Da ita ake karyawa, da ita ake fita kunyar baƙi ranar suna, ita ce tsarabar da matafiyi ke riƙewa in zai koma Jos ko Gombe. Tun da rana ake jiƙa shinkafar tuwo, da yamma a kai inji, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a sa yis, a rufe ƙullun ya kwana. Da asuba, in ya tashi, a gyara shi da ruwan kanwa, a yanka albasa, a sa sukari da gishiri gwargwadon hannun mai yi.

Bara ne jikarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta ce tana so ta koya. Ina zaune a bakin zaure na ga yadda aka yi. Goggo ta miƙa mata ludayi, ta ja kujerarta baya kaɗan, ta naɗe hannu. Zubin farko ya fito baƙi ƙirin ta ƙasa, cikinsa ɗanye. Na zaci za ta karɓe ludayin, ko ta yi faɗa saboda asarar mai da ƙullu. Sai na ji ta ce, "Ke 'yar nan, wane gurbi ne ya fara ƙonewa?"

Yarinya ta leƙa tanda. "Na tsakiya."

"Me ya sa shi, ban da na gefe?"

Ta sunkuya ta dubi murhu. "Wuta ce ta taru a nan."

"To, yaya za ki yi?"

Ta zare itace ɗaya, ta baza garwashi. A zubi na uku Goggo ta ce mata ta bar kallo ta kasa kunne, don akwai ƙarar da mai yake yi in ƙasan masa ya nuna, kuma ba irin ta farkon zubi ba ce. Yarinyar ta yi shiru, cokali a hannu, can sai ta juya guda ɗaya. Ta fito ja-ja-jir, gefenta da ɗan ƙarfi, yadda masu saye ke so. Daga baya na tambayi Goggo me ya hana ta kama mata. Ta ce, "In na karɓa, masar yau za ta yi kyau. Ranar da nake kwance fa, wa zai karɓa?"

Wannan zaman ne yake faɗo mini a rai duk lokacin da matasa suka tambaye ni mene ne kocin rayuwa. Sunan ya shigo mana ta waya. A Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp za ka ga mutane, maza da mata, sun rubuta shi a ƙarƙashin hotonsu. Mu kocin da muka sani shi ne na ƙwallo, irin wanda ke tsaye a bakin layi in Wikki Tourists na wasa a filin Abubakar Tafawa Balewa. Kuma dangantakar gaskiya ce, domin daga fagen wasa sana'ar ta taso. Wani Ba'amurke mai koyar da wasan tanis, Timothy Gallwey, ya lura cewa yawan "yi kaza, bar kaza" yana rikita ɗalibi, jikinsa ya sandare. Sai ya rage umarni, ya koma sa ɗalibi ya lura da ƙwallon, inda ta faɗi da lokacin da ta taɓa abin bugu, sai hannu ya riƙa gyara kansa. Ya rubuta littafi a kan haka a 1974. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, ya ɗauki dabarar ya kai ta ofisoshi da kamfanoni, littafinsa ya fito a 1992. A wannan shekarar ce kuma Thomas Leonard, mai ba mutane shawara kan tattalin kuɗinsu a Amurka, ya buɗe makarantar horar da koci, bayan ya ga masu zuwa wurinsa da maganar kuɗi sukan ƙare da maganar rayuwarsu gaba ɗaya. A 1995 ya kafa ƙungiyar da yau ake kira ICF, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni.

Tsarin da Whitmore ya yaɗa tambayoyi huɗu ne. Me kake so ka cim ma? Ina kake a yanzu, a gaskiyar magana? Waɗanne hanyoyi ne a gabanka? Wacce za ka bi, kuma yaushe? Ranar da na fara karanta su sai na ga Goggo a gefen murhu. Ita ba ta taɓa jin sunan Whitmore ba, amma da wannan jerin ta bi da jikarta: a gano inda ke ƙuna, a gano dalili, sannan mai ludayi ta zaɓi abin yi da hannunta.

Mu Hausawa ba mu da ƙarancin masu nasiha, kuma wannan arziki ne. Akwai iyaye, akwai malamai, akwai dattawan unguwa, akwai abokan majalisa. A garin nan ne, a farkon shekarun 1940, Malam Aminu Kano yana matashin malamin makaranta ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, suna zaman tattaunawa tare da su Malam Abubakar Tafawa Balewa, kuma kowa ya san abin da wannan zama ya haifar wa Arewa. Mun san darajar zama kusa da wanda ya fi ka. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne wanda zai tambaye ka sannan ya yi shiru ya jira amsa. Kafin yaro ya rufe baki an yanke masa hukunci. Kowa ya miƙo hannu zai karɓe ludayi.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan yayana ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna shekara biyu. Safiya barci, yamma majalisa a gindin dalbejiya. Mahaifinsa ya ce ya dage da neman aikin gwamnati. Mahaifiyarsa ta ce a ƙara addu'a. Abokai suka ce ya nemi Keke Napep a ba shi biya a hankali. Ni na ce ya koma ya yi digiri na biyu. Duk wanda ya yi magana sai ya ce, "To, in sha Allahu," ya sunkuyar da kai, gobe a same shi inda aka bar shi. Dukanmu muna ƙaunarsa, kuma ba wanda ya tambaye shi komai.

Wani tsohon malaminsa na sakandare, wanda ya sami horo a wannan fanni, shi ya ce ya riƙa zuwa suna zama awa ɗaya duk bayan mako biyu. Yaron ne ya ba ni labarin daga baya. A zaman farko malamin ya ce, "Me kake so?" Ya ce aiki. "Wane iri?" Ya ce kowane iri. Malamin ya ce, "A cikin shekara biyun nan, wace rana ce ka yi wani abu har ka manta ba ka ci abinci ba?" Ya ce ya daɗe bai ba da amsa ba, malamin kuma bai cike masa shirun ba. Can ya tuna ranar da ya haɗa wa maƙwabcinsu sola, ya hau rufi ya ɗaura faifan, ya ja waya, ya saita batir da inbata, har magariba. Ashe ya yi wa gida biyar ko shida irin wannan a unguwa, kyauta, bai taɓa ɗaukarsa a matsayin sana'a ba. Suka rabu a kan cewa kafin zama na gaba zai je wajen masu sayar da kayan sola a kasuwa ya nemi wanda zai riƙa tura shi aiki. Shi ya faɗi hakan da bakinsa, shi ya sa ranar.

Mako biyu suka cika bai je ba. A nan ne nake ganin aikin koci ya bambanta da namu. Da mu ne, da mun ce lalaci ne, da mun tuna masa kuɗin makarantar da aka kashe. Malamin ya ce, "Me ya tsaya maka?" Ya kawo uzurin kuɗin mota, ya kawo na zafin rana. Malamin ya ce, "In an ba ka kuɗin motar yanzu, za ka tafi?" Sai yaron ya ce a'a. Abin da yake tsoro shi ne abokan karatunsa su gan shi ɗauke da tsani a kafaɗa, a ce mai digiri ya koma lebura. Gurbin da ke ƙuna ke nan, shekara biyu wuta na taruwa a wurin, mu muna ta ƙara itace. Ba zan ce ya yi arziki ba. Amma yanzu yana fita da safe da jakar kayan aiki, yana sa hannu a cefanen gida, kuma kwanan baya na ji yana yi wa wani ƙaninsa bayanin bambancin batir da batir, murya a sake.

Rabin amfanin abin yana cikin dawowar nan ta bayan mako biyu. Matanmu sun san wannan tun tuni. Mace za ta yi niyyar tara kuɗi a asusu, wata uku a fasa shi. Amma in ta shiga adashi, ta san uwar adashi za ta aiko ranar Juma'a, zubi ba ya wuce ta. Kuɗin nata ne, niyyar tata ce, sanin cewa akwai mai tambaya shi ke riƙe ta. Haka mai sayar da turaren wuta daga cikin gida da ba ta iya raba uwar kuɗi da riba ba, ko ma'aikacin da ritaya ta matso bai san inda zai dosa ba, ko ɗalibar jami'ar ATBU ko ta kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji da karatu da hidimar aure suka haɗe mata: sau da yawa sun san abin da ya kamata, wanda za su faɗa wa, ya kuma sake tambayarsu, shi ne babu.

Sai dai akwai inda iyawar mai suya ke ƙarewa. In ƙullu bai tashi ba, ko wa ya riƙe cokali masa ba za ta yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda mudun shinkafa da kwalbar mai suka koma, Goggo ma ta rage yawan abin da take jiƙawa. Koci ba ya ƙirƙiro guraben aiki, ba ya sauke farashi a Kasuwar Muda Lawal. Duk wanda ya tsaya gaban talaka ya ce masa tunaninsa ne kaɗai ya talauta shi, ya zalunce shi, kuma raina yana ɓaci in na ji irin wannan magana. Haka nan wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko yake maganar gajiya da rayuwa, wannan ciwo ne, likita yake bukata, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kocin kirki ya san wannan iyaka, shi da kansa zai ce a tafi. Abin da ya shafi halal da haram kuma na malamai ne. Ban ga saɓani tsakanin wannan aiki da imani da ƙaddara ba, tun da malamanmu kullum suna haɗa mana tawakkali da riƙon sababi.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, ba kamar likita ko lauya ba, sunan koci ba shi da mai gadi. Kowa na iya wayar gari ya liƙa wa kansa. Ita ƙungiyar ICF, matakin shaidarta na farko yana bukatar awa 60 na horo da awa 100 na zama da mutane, amma ba dole ba ne a kan kowa. Shi ya sa ake samun masu kama ɗakin taro, su sayar da tikiti, su yi awa uku suna ɗaga murya cewa kowa zai iya zama attajiri. Mutum ya fito jikinsa na tsuma, bayan kwana uku ya koma yadda yake, aljihu ya ragu. Wannan kananzir ne aka watsa wa itace: wuta ta tashi bal-bal, masa ta ƙone a waje, ciki ƙullu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a hannun wasu yakan zama. Kafin ka ba da kuɗinka ka tambaya a ina ya koya, zama nawa za a yi, nawa ne gaba ɗaya, kuma ya iya riƙe sirri? Sannan a zaman farko ka lura da wanda ya fi yawan magana tsakaninku. In shi ne, ludayin yana hannunsa.

Ban ce kowa sai ya nemi koci na kuɗi ba, yawancinmu ba mu da halin haka. Yayan da ke da ƙani a gida, malamar da ɗaliba ta tsaya bayan an tashi, maigidan da yaron shagonsa ya yi sanyi kwana biyu, kowannensu zai iya jan kujera baya ya yi tambaya. Na gwada da 'yata da ke shirin jarrabawar fita sakandare, na kuma gane wahalar abin: amsa tana bakina, ina ganin ƙullun na ƙonewa, riƙe harshe na minti ɗaya ya fi mini nauyi a kan yin nasihar awa guda. Da na daure, abin da ta faɗa ba shi ne abin da na zata ba. Lissafi ba ya ba ta tsoro, wurin karatu ne babu, ƙannenta sun cika ɗaki. Muka share mata lungun zaure.

Jikar Goggo yanzu ita ke suyar Asabar da Lahadi. Makon jiya na fito da sassafe na tarar da layin yara da kwanuka, mai miyar taushe na jira, mai ƙuli-ƙuli na jira. Goggo na gefe da carbi, mayafi ya rufe mata ƙafa saboda sanyi. Can ta ɗaga hanci ta ce, "Ƙamshin nan fa?" Yarinyar ba ta ko waiwaya ba, ta sa hannu ta zare itace ɗaya daga tsakiya, ta ci gaba da juyi.