Yadda A Ke Ɗaukar Ma'aikata A Kamfanin Google

Google babban kamfani ne na ƙasar Amurka, hedkwatarsa tana garin Mountain View a jihar Kalifoniya. Waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa shi cikin 1998. Sana'arsa ta fari ita ce nemo wa mutane abin da su ke bukata a intanet. A 2013 ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa, don haka sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yadda ya ke zaɓen ma'aikata kuwa abin dubawa ne ga hakimai da malamansu, tun da ya ke su ma a kan kawo musu masu neman aiki.

Mai nema ya kan aika da takardar tarihin karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. In an ga alamar dacewa sai a gwada shi ta waya. Wanda ya ci wannan a kan kira shi ganawa wajen sau huɗu, kowace kamar minti 45, kowace da mutum dabam. In aikin injiniya ya ke nema, sai a ba shi matsala, a ce ya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi ta warware ta, yana rubutu yana faɗin abin da ya ke tunani. Ba amsar kaɗai a ke dubawa ba. A kan lura da hanyar da ya bi, da yadda ya ke karɓar gyara in an nuna masa kuskure.

Abin da ke biye shi ne muhimmi. Kowane mai tambaya ya kan rubuta rahoto, ya faɗi abin da ya tambaya da amsar da aka ba shi. Sa'an nan a tara rahotannin a miƙa wa wani kwamiti na mutanen da ba su ga mai neman ba. Su za su ce a ɗauka ko a bari. Watau shugaban da mutumin zai yi aiki ƙarƙashinsa ba shi da ikon ɗaukarsa shi kaɗai, ko da abokinsa ne, ko da aiki ya matsa masa yana son mataimaki da gaggawa. Wannan hanya tana da jinkiri ƙwarai, masu nema kuma sun sha kuka da ita, amma tana rage son kai. Shekaru da yawa Larry Page da kansa ya kan duba takardun kafin a ba mutum aiki.

Ba haka aka fara ba. Da, a kan gana da mutum ɗaya fiye da sau goma, har kamfanin ya bincika takardunsa ya ga sau huɗu ya isa. An kuma riƙa yin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, misali ƙwallo nawa za su cika jirgin sama. Cikin 2013 Laszlo Bock, wanda ya ke shugaban sashen ma'aikata a lokacin, ya ce waɗannan ɓata lokaci ne kurum, ba abin da su ke yi sai sa mai tambaya ya ji shi gwani ne. Ya ce har makin makaranta ba ya nuna yadda mutum zai yi aiki, sai ko ga wanda bai daɗe da gama karatu ba.

Wanda ya sami shiga yana da albashi mai kauri, da hannun jari a kamfanin, da abinci kyauta a ofis. Amma ba irin aikin gwamnati ba ne da a kan zauna har a kai fansho. Cikin watan Janairu 2023 kamfanin ya sanar da sallamar mutum wajen 12,000, kashi shida cikin ɗari na ma'aikatansa. Da yawansu ta wasiƙar imel suka sami labari.